Ƙyauren Baba Lirwanu

Litinin, bayan magariba

Jiya aka yi sadakar bakwai ɗin Baba. Ban je ba. Jana'izar ma ban samu ba, kafin labari ya iso ni nan Fatakwal har an dawo daga maƙabarta. Ƙanwata Maimunatu ce ta kira daga gidan mijinta a Gummi, ta ce, "Yaya Auwal, Baba ya cika," sai layi ya yanke. Na mayar da waya aljihu, na ƙarasa ƙofar shagon da nake yi wa walda, don oga yana tsaye a kaina.

Babu wanda zan ba labarinsa a garin nan, shi ya sa nake rubutawa. In na ce musu mutumin da ya rene ni Bajamushe ne, sai su dubi fatata su yi dariya.

Sunansa na can Erwin. Da ya musulunta a Anka aka sa masa Lirwanu. Ya zo ne da wani kamfanin haƙar rijiyar burtsatse, tun muna cikin Jihar Sakkwato. Kamfani ya kwashe kayansa ya tafi, shi ya tsaya da akwatin sifanu. Ya auri Inna ina ɗan shekara biyar, bayan rasuwar mahaifina, ya kai mu Tungar Ƙirya, can tsakanin Bukkuyum da Anka, inda mota ba ta shiga da damina. Nan ya zauna yana gyaran famfo da injin niƙa har ya tsufa. Nan kuma ya bar ta.

Abin ke nan. Nan ya bar ta.

Laraba, hutun rana

'Yan bindiga sun sake aikowa Tunga. Ba zan rubuta abin da suka ce ba. Gidan Liman sun tashi, gidan Sarkin Noma sun tashi. Muttaka, mijin Maimunatu, ya shiga da babur don ya ɗauko Inna, ya fito shi kaɗai.

Na kira ta. Duk gidan wuri ɗaya sabis yake kamawa, bakin tagar ɗakin Baba, can take ajiye wayar.

"Inna, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Kai na?" Ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ne ɗanta na fari.

"Ni ne. An ce kin maido Muttaka."

"Na dama mai hura ya sha. Ba da yunwa yat tahi ba."

"Inna, mutane na tashi."

"Su tashi. Su ba takaba su ka yi ba. Mace ɗakin mijinta ta ka takaba, ba ɗakin suruki ba."

"To bari in taho."

"Ban yarda ba. Duk wanda yat taho daga Kudu, kahin shi sauka mota an san da shi. In ka taka hanyar ga ban yahe ba."

Ta kashe wayar. Takaba wata huɗu ce da kwana goma. Su kuwa waɗancan ba su ce za su jira ko kasuwa biyu ba.

Alhamis da safe

Idona na ciwo. Jiya na yi aiki ba gilashi.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Duk Juma'a, kafin ya yi wanka, Baba yakan ɗauki gwangwanin madarar da yake zuba giris ya bi gidan. Ya shafa wa ƙyauren ɗakinsu, ya shafa wa taga, ya durƙusa ya bi ƙafafun gado. Inna tana bakin murhu sai ta ce, "Malam, ƙarhe ya ci, mu ba mu ci ba." Shi kuma ya ce, "Ƙarhe ba shi da baki, Zaliha. Ke kina da shi."

Haka yake kiranta, Zaliha, gatsau, a gaban kowa. Kwano ɗaya suke ci. Shi yake ɗebo mata ruwa. Mazan Tunga sun yi masa dariya har suka gaji, bai ma san suna yi ba, ko kuwa ya sani bai damu ba. Shekarar da ƙyanda ta kama Maimunatu, hanya ta yanke, ya karɓi zanen Inna ya goya ta, ya taka har asibitin Anka. Bature da goyo. Har yau in tsofaffi za su tuna wani abu sai su ce, tun kafin goyon Bature, ko bayan goyon Bature.

Zan rubuta ɗaya ɓangaren ma, don kada in yi ƙarya. Bai koya mana kalma ɗaya ta yarensu ba. Bai taɓa neman hanyar da ko ɗayanmu zai je can ba. Da abubuwa suka fara lalacewa, ni da Maimunatu babu irin roƙon da ba mu yi ba a kan su koma Gummi. Sai ya ce, "In na tashi, wa ka gyara hwamhwo?" Famfo. Yanzu ga famfon nan tsaye, masu shan ruwan sun watse, shi ya cika a kan gadonsa lafiya lau, ya bar mu da ita.

Allah Ya jiƙansa. Amma ina jin haushi.

Asabar, da yamma

Muttaka ya samo wani malami a Gummi ya yi mata magana ta waya. Malamin ya yi bayani da kyau, ya ce in akwai tsoron rai, mai takaba tana iya tashi ta ƙarasa a wani gida, babu laifi a kanta. Ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya, ta tambayi iyalinsa. Sannan ta ce, "Allah Shi ƙara sani, Malam. Na ji babu laihi in na tashi. In na zamna akwai?"

Malamin ya ce wa Muttaka shi dai ya faɗi abin da ya sani.

Lahadi

Ban kira kowa ba. Na wanke kaya. Ruwan sama ya sake jiƙa su.

Talata, bayan la'asar

Mun yi faɗa da Maimunatu. Ta ce ina can Kudu ina ba da umarni, mijinta ne yake shiga daji da ransa a hannu. Gaskiyarta. Ni kuma na ce mata taurin kan ubanta ne ya ja mana wannan.

Sai ta ce, "Yau kuma ubana na ni kaɗai, Yaya?"



Ina ɗan shekara goma sha wani abu, muna rumfarsa ta kasuwar Anka, wani mai injin niƙa ya miƙo mini kwalbar mai ya ce, "Kai, agolan Bature, riƙe." Baba ya riga ya kwance injin mutumin, kayan ciki duk a shimfiɗe kan buhu. Bai ɗaga murya ba. Ya tattara su ɗaya bayan ɗaya, ya ƙulle a buhun, ya ajiye a gaban mutumin. Ya ce, "Ɗana na. Kai shi wani wuri." Babu wani wurin. Sai da mutumin ya aiko dattawa.

Haka yake, in ya tsaya ya tsaya. Shekarun da aka fara niƙa dutsen zinari a cikin gidaje, ya ce duk injin da ya ci dutse a tsakar gida ba zai taɓa shi ba, don ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. A Duza sun ce baƙin ciki yake yi da arzikinsu. A Tungar Daji an jefi babur ɗinsa. Da yara suka fara mutuwa bai ce wa kowa ai na faɗa ba. Ya dai je gaisuwa gida gida, yana cire takalmi tun daga waje.

Taurin kan nan ɗaya ne. Ba zan yabe shi a can in zage shi a nan ba. Amma na gaji.

Na sake kiran Maimunatu na ba ta haƙuri. Ta ce, "Ka ci abinci kuwa?"

Laraba da safe

Babu sabis.

Alhamis, hutun rana

Babu sabis. Oga ya ce ɗinkin waldar da na yi jiya kamar na makaho. Na duba, gaskiyarsa. Na sare na sake.

A kan walda muka rabu da Baba. Shi ba ya yin ta. Ya iya, na taɓa gani da idona, amma ba ya yi. Komai sai ya huda ya ɗaure da noti. Aikin da mai walda zai gama kafin azahar, shi sai ya kwana biyu a kai. Na ce masa mutane sauri suke so. Ya ce, "In ka yi walda, wanda ka zuwa bayanka sai shi sare. In ka ɗaura noti, sai shi kwance." Na ce ni ba don na bayana nake aiki ba, don cikina nake yi. Da na kai ashirin na tafi Gusau na koyi walda, daga can na gangaro Kudu. Shi ya kai ni tasha a bayan babur. Bai ce kada in tafi ba. Ya dai ce in riƙa sa gilashi.

Juma'a, bayan la'asar

Ta ɗauka.

Tunga ta kusa zama kango. Saura ita, da wata tsohuwa da ba ta da inda za ta, da Namadi. Namadi Bafulatani ne, rugarsu tana bayan gidanmu tun ina yaro. Baba ne ya haɗa masa amalanke, shi kuma bai taɓa barin gidanmu ba nono ba. 'Ya'yansa sun kora shanun sun yi gaba, ya tsaya da bijimai biyu. Ya ce ba zai tafi ya bar matar amininsa ba.

Muryar Inna ta yi ƙasa yau. Ban yi mata gardama ba, na gaji da gardama. Na bar ta ta yi magana.

Ta ce, "Ka ji abin da sunka yi ƙauyen gaba da mu? Da mutane sunka watse, sai sunka bi gida gida suna ɓalle ƙohohi. Na katako su hura wuta, na ƙarhe su kwashe."

"Na ji, Inna."

"Ƙyauren ga da hannunai yay yi shi, satin da anka ɗaura muna aure. Kullum shi ka ruhe shi, ko ya dawo da gajiya. Ran da zai cika ma sai da yac ce in tura shi shi ji ya ruhu. Yau Jumu'a ta uku ba a shafa mai komi ba, ya hwara kuka. In na hita, wa ka ruhe mai ɗaki?"

Ashe ba malami take buƙata ba. Mako biyu muna kawo mata hujja.

Asabar, da asuba

Na tashi da wata magana a kaina.

Sau ɗaya tak Baba ya taɓa ba ni labarin can. Muna kafa rufin ɗakin nan ne bayan iska ta yaye na da, yana sama ina miƙa masa noti, na ce me zai hana mu buga ƙusa kamar kowa mu huta. Ya ce lokacin da yaƙin ƙasarsu ya zo ƙarshe yana ɗan ƙarami, aka tashe su daga garinsu. Uwarsa ta ɗora shi a keken doki, suka bar komai. Sun samu wani gida daga baya, har da lantarki. Amma har ta mutu zancenta ɗaya, ƙofar gidansu ta da, wadda mijinta ya sassaƙa. Ta so ta ɗauko, an kafe ta da ƙusoshi, babu lokaci.

Ya ce, "Ni ba ni yin abin da ba a iya ɗauka." Sannan ya ce in miƙo noti, rana na yi.

A lokacin na ɗauka surutun Bature ne kawai.

Asabar, bayan azahar

"Inna, in ƙyauren ya tashi fa?"

"Shi tashi shi je ina?"

"Gummi. Ke da shi. Ki rufe shi da hannunki can."

Ina jin kaji a bayanta.

"Ba a hwasa mai bango."

"Ba za a fasa ba."

"Da gadon?"

"Da gadon. Da tagar."

"Bangon fa?"

"Bango ba ya ɗaukuwa, Inna."

"Bango ƙasa ta. Gummi ma suna da ƙasa." Sai ta ƙara da cewa, "Shi kuma yana nan kwance bayan gari, ba a ɗauko shi."

"Ba a ɗauko shi."

"To. Ka hwaɗa ma mijin yarinyar ga shi taho da sahe. Kak ka ce na yarda. Ka ce shi taho in gani."

Lahadi, da hantsi

Muttaka ya isa. Ya kira ni daga bakin tagar, yana haki.

"Yaya, na zo da guduma. In mun hwasa gehen bangon..."

Na ji muryar Inna daga ciki: "Wanda duk yab buga mai ƙyaure shi hita gidan ga."

Na ce, "Ajiye gudumar. Leƙa bayan ƙyauren, akwai ƙusa, sifana na rataye."

"Na gani. Guda ɗai ta."

"Ta isa. Duk gidan noti iri ɗaya ne, mai lamba sha bakwai. Ƙyaure, taga, gado, rufi."

"Yaya, abin ga ya girme ni hwa. Tsatsa ta cinye shi tuni."

"Gwada dai."

Na ji ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Sai Muttaka ya ce a hankali, "Ikon Allah. Juyi ɗaya nay yi, sauran da hannu ya ka hita."

Namadi ya yi dariya a gefe, ya ce, "Kai yaro, Jumu'a nawa kaka zato mutumin ga ya yi duniya?"

Na ce su zuba notin a abu ɗaya kada su watse. Inna ta ce ta riga ta kawo kwanon cin abincin Baba. Na ce su bar taga sai ƙarshe, don mu riƙa magana. Gado ya kwance ya zama ƙarafa shida da katako. Rufin ne suka fara, sai Namadi ya ce a bari. Ya ce ya ga ƙura ta wajen gabas, ba ta shanu ba ce. Inna ba ta yi musu ba. Ta ce a ɗora tsohuwar nan a amalanke tukuna, sannan ƙyaure.

Muttaka ya ce, "Yaya, za mu cire tagar."

Daga nan ban sake jin su ba.

Lahadi, magariba

Shiru.

Litinin da safe

Shiru. Maimunatu ma ba ta ji komai ba. Ta ce ta share ɗakin da ke kusa da nata, ta sake sharewa.

Na je aiki. Ban san abin da na yi ba.

Litinin, bayan isha'i

Sun iso.

Hanyar da suka saba bi ba ta biyu ba, sai suka zaga ta fadama, suka kwana a wani kangon makaranta. Da safe suka kai kusa da titi, Muttaka ya samo a-kori-kura. Namadi bai ƙarasa bakin titin ba. Akwai shinge a wurin, masu tsaron shingen kuma ba sa tambayar mutum irinsa sunansa kafin su yanke hukunci. Ya sauke musu kaya a gindin wata tsamiya, ya kama ƙyauren da Muttaka suka jingine shi. Ya ce wa Inna, "Allah Shi ba da haƙuri, matar Lirwanu." Ya juya bijimansa. Muttaka ya tambaye shi ina za shi, ya nuna daji da sanda.

Ba shi da waya. Na rubuta sunansa a nan don kada a ce wani ne ya fito da ita.

Laraba, hutun rana

Barci nake ji kamar an doke ni. Maimunatu ta ce Inna ba ta shiga ɗakin ba tukuna, a rumfa take kwana. Ta ce ɗaki ba ƙyaure ba ɗaki ba ne. Ƙofar ɗakin ta fi ƙyauren faɗi, an kira magini ya rage ta.

Rufin yana can. Famfon yana can. Baba yana can.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

An kafa shi. Muttaka ya kira, ya ce noti ɗaya ya ɓace a hanya, na sama, ƙyauren yana ɗan rinjaya. Ya ce akwai mai walda a bakin kasuwa, ɗan ɗigo ɗaya zai yi a wuce wurin.

Shekara ashirin da wani abu ina cin abinci da walda. Na ce masa kada ya kuskura. Ya ɗaure da waya kafin a samo noti.

Sai Inna ta karɓi wayar.

"Kai na?"

"Ni ne, Inna. Ya baƙunta?"

"Garin ga hayaniya. Saurara."

Na ji ta tura shi. Ya yi ƙara doguwa, irin wadda ban taɓa ji daga gare shi ba duk zamana a gidan, sannan ya rufu.

"Ka ji? Kuka ya kai. Mun baro gwangwanin can kan bango. Yaran ga sun kawo man gyaɗa, na ce a'a, ba shi ya ka shafa mai ba."

"Giris ne, Inna. Ko'ina ana sayarwa, Muttaka zai..."

"Muttaka bai san yadda a ka shafawa ba. Wa ka riƙa mai gwangwanin kullum Jumu'a?"

"Ni ne."

"To. Gummi bakin titi ta, ba Tunga ba. Na janye maganata. In hanya ta yi kyau ka taho da shi."

Ta ba Maimunatu wayar, ba ta jira amsata ba.

Asabar, da yamma

Na faɗa wa oga. Ya ce in na tafi kada in sa ran zan tarar da gurbina. Na ce na ji.

Na shiga kasuwar 'yan ƙarfe na sayi giris, da noti mai lamba sha bakwai. Ɗaya ake nema, na sayi cikin tafin hannu. Mai shagon ya san ni, ya ce, "Mai walda, yau kuma me za ka yi da noti?"

Na ce ƙofar babana ce.

Na sha shayi a bakin hanya, na roƙi mai shayin gwangwanin madarar da ya juye. Na wanke shi, yana kan taga yana bushewa.